Allo Na Bin Yaro, Rajista Na Zaune

An ce wannan karon alƙalami yana hannuna, to zan yi amfani da damar in kawo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamin firamare ne a cikin birnin Katsina, shekarata 11 ina riƙe da alli, kuma maganata a kan wasu yara ce da ba su cika daɗewa a ajin kowa ba, wato 'ya'yan 'yan ci-rani.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san shekara tana da baƙinta. Da zarar an gama girbi, an ɗaure gero da dawa an kai rumbu, hunturu ya fara kaɗawa, sai ka fara ganin sababbin fuskoki. Wannan ya karɓi kura da jarkoki yana ga-ruwa a Ƙofar Ƙaura, wancan yana dako a Babbar Kasuwa, wani yana zaga unguwanni da almakashi yana yankan farce, wani yana kwaɓa siminti wurin magina. Matan kuma su shiga gidaje aikatau, surfe da wanke-wanke da raino. Wasu daga ƙauyukan Kaita da Mashi da Mani da Jibiya suke zuwa, wasu daga tsallaken iyaka, Ɗan Isa da Madarunfa da Maraɗi, har Tasawa. Da hadari ya fara haɗowa a gabas, wajen watan Mayu ko Yuni, sai ka wayi gari ka ga kangon da suke kwana babu kowa. Sun koma sharar gona.

Babu abin kunya a wannan tafiya, lissafi ne na mai hankali. Daminarmu wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, wata shekarar ma ba ta cikawa. Wanda ba shi da fadama, kuma ba ya kusa da dam irin na Jibiya ko Ajiwa ko Zobe, gonarsa hutu take yi wata bakwai ko takwas. In ya zauna gida, rumbu zai ƙare tun kafin bazara. In ya fita ya ci a waje, ya rage wa rumbun baki ɗaya, ya kuma dawo da kuɗin taki da na suturar Sallah. Sunan ma ya faɗi komai: a je a cinye rani a wani wuri. Kakana na wajen uba da haka ya fara shigowa Katsina, yana zuwa yana komawa, har wata shekara ya zo bai koma ba. Saboda haka in na yi maganar 'yan ci-rani, maganar gidanmu nake yi.

Abin da ya canja shi ne waɗanda ake tahowa da su. A zamanin kakana maza ne ke tafiya, a bar mata da yara a gida wurin tsofaffi. Yanzu sai in ga magidanci ya taho da matarsa da 'ya'ya huɗu ko biyar. Wani tsadar rayuwa ce ta sa, domin hatsin da zai bari ba zai riƙe su ba. Wani kuma tsoro ne, musamman mutanen yankin Batsari da Safana da Jibiya, inda 'yan bindiga suka hana jama'a barci. Ba wanda zai so ya bar iyalinsa a can, shi yana birni yana kwana da zullumi. Ko mene ne dalilin, yaron da ya kamata a ce yana aji uku a ƙauyensu ga shi nan yana taya babansa tura kura, ƙanwarsa kuma tana goye da ɗan wata.

Mu ɗora kalandar makaranta a kan kalandar manomi mu gani. Zangon farko na boko yana farawa a Satumba ya ƙare a Disamba. Wannan kuwa lokacin kaka ne, da ake buƙatar hannun kowa a gona: yankan gero, cirar gyaɗa, roron wake, sussuka. Yaro yau ya zo, gobe bai zo ba, kuma kafin a yi jarrabawar ƙarshen zango an ɗaure kaya an taho birni. Zango na biyu, daga Janairu zuwa Afrilu, gaba ɗayansa a Katsina zai yi shi, inda ba shi da aji. Zango na uku kuma a tsakiyarsa zai koma gida, ya tarar da shuka da noman firi suna jiran sa. A takarda yaron nan ya yi shekara guda a makaranta. In ka ƙirga kwanakin da ya zauna a aji da gaske, da wuya su cika wata uku. Haka zai yi ta yi har ya kai aji shida, a ba shi takardar gamawa, alhali ko wasiƙa bai iya rubutawa ba.

Wata shekara, a makon farko na zango na biyu, wani mai ga-ruwa da ke kawo mana ruwa a makaranta ya zo riƙe da hannun ɗansa, yaro ɗan kimanin shekara 9. Ya durƙusa ya gai da hedimasta, ya ce, "Ranka ya daɗe Malam, ga yaro na kawo. Can gida ajinsa uku. Ina so ya riƙa zama har ruwa ya sauka, kada abin da ya koya ya zube." Hedimasta mutumin kirki ne, amma ya yi tambayoyin da aikinsa ya ɗora masa. Ina takardar canjin makaranta? Babu. Ina takardar haihuwa? Babu. Sakamakon zangon da ya wuce fa? An taho kafin a raba. Kayan makaranta? Nan uban ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Aka ce ya koma ƙauye ya karɓo takarda daga hedimastan can. Kuɗin motar zuwa da dawowa kuwa sun kai abin da yake samu a kwana uku na tura kura. Ya yi godiya, ya ce zai duba. Bai sake ta da maganar ba, ruwa dai ya ci gaba da kawo mana har ya koma gida.

Kwana biyu da yin haka, ina dawowa daga sallar isha'i, sai na ga yaron nan a makarantar allon unguwarmu, a bakin wuta, ya rungume allo yana ɗaga murya tare da sauran yara. Na tsaya na gai da malamin, dattijo ne sa'an mahaifina. Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan baƙon yaro yaya aka yi kuka ɗauke shi?" Ya dube ni kamar na yi tambayar da ba ta da kai. Ya ce, "Ai da allonsa ya zo. Na ce ya biya in ji, ya biya. Na ga inda ya tsaya, na ce gobe ya wanke a ɗora masa."

Na kwana ina juya wannan amsa. Yaro ɗaya ne, mako ɗaya ne, gari ɗaya ne. Wata makaranta ta karɓe shi cikin minti biyar, wata kuma ta tura ubansa neman takarda. Kada a ce malamin allo ya fi hedimasta tausayi, na san su duka biyun. Bambancin yana cikin yadda aka gina makarantun. Shaidar karatun allo a hannun yaro take, a cikin gafakarsa, duk inda ya je tana biye da shi. Shaidar karatun boko kuwa tana cikin rajista, rajista tana cikin kabad, kabad yana ofishin hedimasta a ƙauyen da yaron ya baro.

Ku lura da abin da ya sa allo yake iya wannan tafiya. Abin da ake karantawa ɗaya ne a ko'ina, izu 60 ne a Katsina, izu 60 ne a Maraɗi, a jere iri ɗaya. Kowane yaro da inda yake, mai babbaƙu yana gefen mai farfaru, mai izu biyar yana gefen mai shirin sauka, ba a jiran kowa kuma ba a barin kowa. Babu ranar buɗe ɗauka, babu ranar rufewa. Kuma malamin da bai taɓa ganin ka ba, in ya duba allonka ya ji bakinka, ya san inda zai ɗora. Wannan tsari ba haɗari ba ne. Kakanninmu manoma ne, malamansu ma manoma ne. Tun da can malami kan yi noma da almajiransa da damina, in an yi kaka su ɗauki alluna su tafi ci-rani wani gari neman karatu. Mutanen da ke tafiya ne suka gina makarantar, shi ya sa ta iya tafiya.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban manta da yaran da ke yawo da kwano a Ƙofar Marusa ba takalmi a cikin hunturu ba, kuma ba na cewa karatun boko zai zama irin na allo. Lissafi da kimiyya suna da tasu hanyar koyarwa. Abin da nake cewa shi ne dabarar ɗaukar baƙon ɗalibi tana nan a gidanmu tun da daɗewa. Katsina garin baƙin ilimi ce. Hasumiyar Gobarau tana tsaye tana shaida, garin Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani ne, kuma nan aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda samari daga lardunan Arewa suka zo suka yi karatu. Abin takaici ne a ce gari mai wannan tarihi ya rasa inda zai zaunar da ɗan mai ga-ruwa na wata biyar.

Ta fuskar doka ba a bar yaron nan a baya ba. An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, dokar 2004 kuma ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro. Tun 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, mai hedikwata a Kaduna, aikinta kuma ya haɗa da 'ya'yan makiyaya da na masunta da na manoma masu ƙaura. A 2012 aka buɗe makarantar tsangaya ta zamani ta farko a Gagi da ke Sakkwato, a 2023 kuma aka kafa hukumar ƙasa ta kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Hukumomi dai ga su nan. Sai dai ɗan ci-ranin birni yana faɗawa a tsakaninsu ne. Shi ba ɗan ruga ba ne, balle makarantar makiyaya ta bi shi. Shi ba almajiri ba ne, domin yana gaban iyayensa. In ka je ƙauyensu ka tambaya, za a buɗe rajista a nuna maka sunansa, a ce ai ɗalibinmu ne. In ka tambaya a birni, a ce ba mu san da shi ba. Muna yawan jin alƙaluman UNICEF na yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, da na UNESCO na 2022 da suka kai wajen miliyan 20. Yaron da sunansa ke aji alhali jikinsa na bakin famfo, abu ne mai sauƙi ya sulale daga duk wani lissafi.

Ba mu kaɗai ke da masu bin aiki daga gari zuwa gari ba. A Amurka akwai leburorin gona da ke bin kakar amfani daga jiha zuwa jiha da iyalansu. A 1966 gwamnatin ƙasar ta kafa shiri na musamman domin karatun 'ya'yansu, bayan 'yan shekaru kuma aka kafa wata cibiya a garin Litil Rok da ke jihar Akansas, wadda a wancan lokacin aikinta shi ne adana bayanan karatu da na lafiyar kowane yaro, ta aika wa duk makarantar da ya sauka. A Indiya akwai masu yankan rake a jihar Maharashtara da ke barin ƙauyukansu wajen rabin shekara. An gwada buɗe musu makarantu na wucin gadi kusa da masana'antun sukari, a wasu jihohin kuma an buɗe gidajen kwana na ɗan lokaci a ƙauye domin yara su zauna su ci gaba da karatu har iyaye su dawo. Dokar ilimi ta Indiya ta 2009 ta fito ƙarara ta ce kada a ƙi ɗaukar yaro don ba shi da shaidar shekaru, kada a jinkirta ɗaukarsa don takardar canjin makaranta ba ta iso ba, kada kuma a mayar da shi don ya zo bayan an rufe ɗauka. In ka duba da kyau, duk wannan ɗawainiya neman abin da allo ya riga ya yi ne: shaida ta bi yaro, ƙofa ta zauna a buɗe.

Daga waccan shekarar na fara wani ɗan gwaji a zauren gidanmu. Bayan la'asar, kwana uku a mako, nakan tara 'ya'yan baƙin unguwarmu mu yi karatun Hausa da lissafi na awa ɗaya da rabi. Babu kayan makaranta, babu kuɗi, wanda ya zo da goyo ya zauna da goyonsa. Da lokacin tafiyarsu ya yi, sai na yanka kwali na yi wa kowa kati, na rubuta da hannu abin da ya iya. Ban sa maki ba, ban sa na nawa ya zo ba. Misali: "Wannan yarinya ta san baƙaƙe da wasula duka, tana karanta gajeriyar jimla ta Hausa, ta iya tarawa da ɗebewa har 100, ba ta fara sau ba." Na sa kowane kati a leda, na ce su ajiye tare da allonsu, in sun isa gida su nuna wa malaminsu na boko.

Kati 14 na bayar a shekarar farko. Da rani ya zagayo, guda 3 suka dawo. Sauran, wasu iyayen sun canja gari, sun tafi Kano ko Kaduna, wasu katin ya ɓace, wata yarinya kuma aka ce an yi mata aure. Amma ɗaya daga cikin ukun ya dawo da abin da ban yi zato ba. A bayan katin, wani malami da ban sani ba, ban taɓa gani ba, ya rubuta da jan biro: "Na ɗora masa sau har gidan biyar. Sai ku ci gaba daga gidan shida." Na daɗe ina kallon rubutun nan. Malamai biyu, ɗaya a birni ɗaya a ƙauye, mun koyar da yaro ɗaya hannu da hannu, kuma babu abin da ya haɗa mu sai guntun kwali a cikin leda.

Abin da mutum ɗaya ya yi a zaure da kwali, hukuma za ta iya yin sa da kyau fiye da haka. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha za ta iya buga kati iri ɗaya, a raba wa makarantun ƙauyukan da aka san suna darewa bayan kaka, malami ya cike wa duk yaron da zai tafi. A umurci makarantun birni su karɓi mai katin a kowane wata ya zo, a matsayin baƙon ɗalibi, ba tare da an nemi takardar haihuwa ko kayan makaranta ba. Wanda ya zo babu kati, a yi masa irin ta malamin allo, a ce karanta in ji, a ba shi lissafi biyar, a ga inda ya tsaya. Masu unguwanni sun san kowane kango da kowane gareji da baƙi ke sauka, domin da saninsu ake sauka. Su da kwamitocin kula da makarantu na al'umma za su iya ƙirga yaran cikin mako guda a farkon hunturu.

Na san abin da abokan aikina za su ce, domin ni ma ina cikin ajin. Akwai shekarar da yaran ajina suka haura 80, wasu a kan benci wasu a ƙasa. A ina za a sa baƙi? Wannan tambaya ce ta gaskiya. Amsata ita ce azuzuwanmu rabin yini suke aiki. Da an tashi da rana sai a kulle, in ban da inda Islamiyya ke aron su da yamma, wanda shi ma ya nuna cewa aron aji ba sabon abu ba ne. Ajin rani na awa biyu da yamma, daga Disamba zuwa Mayu, ba ya buƙatar bulo ko ɗaya. Masu koyarwa kuma ba su yi ƙaranci ba. Kowace shekara Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsinma suna tura ɗalibai koyon aikin koyarwa, ga masu NCE da ke zaune ba aiki, ga 'yan bautar ƙasa. Ɗan alawus ne da alli da wanda zai sa ido.

Wasu kuma za su ce ai iyayen ne ba sa so, sun fi son abin da yaro zai samo. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin wanda ya baro gida saboda yunwa ba zai raina naira ɗari biyar da yaro ya kawo ba. Shi ya sa ajin da zai cinye yini duka ba zai samu kowa ba. Amma awa ɗaya ko biyu, a lokacin da aka zauna aka zaɓa tare da iyayen, na ga sun bayar da hannu biyu. Kada mu manta mai ga-ruwan nan da ƙafarsa ya kawo ɗansa, ba wanda ya je ya yi masa wa'azi.

Maganar 'yan mata ita ce ta fi taɓa mu a wannan zaure, domin mabuɗinta yana gidajenmu. Yarinya 'yar shekara 10 da ke wanke kwanuka a gidan da yaran gidan suka tafi makaranta da jakunkuna, lokacinta ba a hannun ubanta yake ba, a hannun uwar ɗakinta yake. Hajiya, in da gaske kina tausayin ta, sakin ta na awa ɗaya bayan la'asar ya fi tsohon zanen da za ki ba ta ranar tafiya. A cikin yaran zaurena, waɗanda suka fi saurin ɗauka 'yan mata ne, kuma su suka fi yawan fashi, kullum amsar ɗaya ce: "Hajiya ta ce in gama wanki tukuna."

Akwai kuma 'ya'yan 'yan uwanmu na Nijar. Su makarantarsu lakwal suke ce mata, malamin kuma mushe, da Faransanci ake koya musu, shekarar karatunsu kuma a Oktoba take farawa. An rufe iyaka a 2019, an sake rufe ta a 2023, amma duk rani ban fasa ganin su a unguwarmu ba, domin dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya ce. Yaron da ya fara A da B da Faransanci ba zai amfana da ajin Turanci na wata biyar ba. Amma lissafi ba shi da iyaka, karatun Hausa ma haka. Bambancin rubutunmu da nasu bai taka kara ya karya ba, inda muke rubuta 'y su sukan rubuta ƴ. Yaron da ya iya karanta harshen uwarsa, ya samu tsanin hawa Turanci ko Faransanci a duk ɓangaren da ya zauna.

Nan ne aikinmu na masu alƙalami ya shigo. Babbar wahalar da na sha a zaure ita ce rashin abin da zan ba yaro ya tafi da shi. Wanda ya fara haɗa baƙi a watan Afrilu, in ya yi wata shida bai ga rubutu ba, zai dawo kamar bai taɓa yi ba. A zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA da aka kafa a Zariya a 1954 ta buga ƙananan littattafai masu araha domin waɗanda suka fara koyon karatu. Mu yanzu kowa burinsa littafi mai babi 50. Wa zai rubuta mana shafi 12, da manyan baƙaƙe da gajerun jimloli, labarin da ɗan mai ga-ruwa zai ga kura da jarka da rumbun gidansu a ciki, wanda zai shiga gafaka kusa da allo? Rubuta wa mai koyon karatu ya fi wuya fiye da yadda ake zato, domin kowace kalma sai ka auna ta. Wanda ke son horar da alƙalaminsa, ga fili.

Ina da roƙo biyu kafin in ajiye alƙalami. 'Yan uwa da ke koyarwa a ƙauyuka, a nan Nijeriya ko a Nijar, ku gaya mana a ƙasan wannan rubutu: a wane wata ajinku yake fara raguwa, kuma ina yaran suke tafiya? Ina so mu haɗa wannan bayani, ko da na garuruwa goma ne, mu ga ko za a samu malamai biyu-biyu da za su riƙa musayar kati. Mu na birni kuma, in mai ga-ruwa ya zo juye ruwa, bayan gaisuwa a tambaye shi: "Malam, da yara ka zo bana? Ajinsu nawa a gida?" Duk amsar da aka samu a kawo mana nan. Wanda ke son ganin irin katin da nake rubutawa ya yi magana, zan ɗauki hotonsa in saka, a gyara mini inda ya kamata.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙauyukanmu lafiya. Sai na ji daga gare ku.